Zamzam ɗin da Baba ke aikawa Kwara

Duk shekara idan alhazai suka fara ɗaure kaya, kuna ganina ina sa takalmi in gangara unguwar Mansur ta nan Makka, ina bin masu shayi da masu sayar da tsire ina tambaya ko an ga mutumin Yauri cikin baƙin bana. Idan na same shi, roƙo ɗaya nake yi masa: ya ware mini kofi guda daga cikin Zamzam ɗin da zai kai gida, idan ya isa ya je bakin kogin Kwara ya zuba. Na san abin da kuke faɗi a bayana, don kunnena bai mutu ba tukuna. Wasunku sun ce tsufa ne, ɗaya daga cikin jikokina kuwa cewa ya yi da Larabcinsa wai kakan nasa ya fara sakin layi. Ban ji haushi ba, amma tunda kun girma ba ku san mafarin abin ba, gara in zauna in faɗa muku da kaina kafin wani ya faɗa muku a karkace.

Mahaifina, wanda manyanku suka riska suna kira Sidi kamar yadda yaran Makka ke kiran kaka, Basarke ne, wato masunci ɗan masunta, haifaffen Yauri a bakin Kwara. Yana saurayi ya ɗauki amaryarsa Kulu suka kama hanyar gabas a ƙasa, irin tafiyar da: a yi aiki nan a samu guzuri, a ƙara gaba. Da suka kai ƙasar Sudan sai suka yada zango a wani ƙauyen Hausawa kusa da Sinnar, a gefen reshen Nilu da ke gangarowa daga duwatsun Habasha. Mutanen wurin ba sa wahalar da bakinsu da wani dogon suna, bahar kawai suke ce masa. Baba ya ga ruwa, hannunsa ya yi ƙaiƙayi, ya koma su. A can aka haife ni, shi ya sa har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana Sale ba, sai Ɗanbahar, tunda ni ne ɗan fari. Ina tatata uwata ta rasu. Ban san fuskarta ba, abin da na sani game da ita shi ne abin da Baba ya maimaita mana har muka haddace: mace ce da ba ta iya zaman jira. In ya fita su, kafin ya dawo tana bakin ruwa, kuma ba a gaɓa take tsayawa ba, sai ta tattare zane ta shiga har gwiwa ta kama goshin jirgin. Ya yi faɗa, ya tsorata ta da kada, duk a banza. Aka binne ta a maƙabartar ƙauyen, ƙarƙashin wani gawo da ke kallon ruwa. Baba ya saɓa ni a kafaɗa, ya ƙetare Bahar Maliya, ya shigo garin da babu kogi sai ambaliyar da kan zo ta wuce kafin mutum ya gama mamaki. Ya yi ga-ruwa da garwa biyu har bayansa ya lanƙwashe, ni kuma da na tasa na zama direban wayit, babbar motar nan ta dakon ruwa. Gidanmu dai ruwa muke bi ko da babu kogi.

To, Baba ya yi imani, imani irin wanda ba a jayayya da shi, cewa Kwara da Nilu kogi ɗaya ne. A faɗarsa, Kwara takan wuce Yauri ta yi kudu kaɗan, sai ta karkata gabas, ta faɗa tafkin Cadi, ta nutse ƙarƙashin rairayi ta yi ta tafiya a ɓoye, sannan ta ɓullo a duwatsun Habasha da sabon suna. Haka ya ji daga tsofaffin Sarkawa, kuma yana da hujjarsa.

"Ruwa guda na, Ɗanbahar," haka yake cewa da Hausarsa ta yamma. "Ranar da na fara zuba taru cikin bahar, mi kake zato na jawo? Giwan ruwa. Ga tarwaɗa, ga ƙarfasa, har minjirya sai da ta girgiza min hannu kamar ta gida. Kifi ba shi da ƙafa, ba shi hawan raƙumi. Ta ina sunka bi in ba ta ruwa ba?"

Daga wannan imanin al'adar ta fito. Kowace shekara sai ya nemi alhajin Yauri ya ba shi 'yar gorar Zamzam ya ce a zuba a Kwara. Lissafinsa shi ne ruwan zai fara gaisawa da iyayensa da ke kwance a Yauri, sannan ya bi hanya a hankali har ya je ya wuce ta gaban gawon nan. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai ba wa alhazan Sudan ba, ai sun fi kusa. Ya ce mutumin Sudan bai san Kulu ba, bai san ƙauyen ba, zai karɓa don kunya ya shanye a hanya, shi kuwa ruwa ba a yi masa kwatance. Wani malami a masallacin unguwa ya ja shi gefe ya ce wannan abu ba shi da asali a sunna. Baba ya ce shi ma bai ce ibada ba ce, addu'a yana yi mata a Harami kullum, wannan gaisuwa ce kawai. Malamin ya ƙyale shi.

Mu a gida duk mun san ba haka ƙasa take ba. Ni na ga taswira, na saurari rediyo a mota shekara da shekaru. Uwarku Hajjo ta sani. Yayarku Nafisa kuwa ai sana'arta ce, don a shekarar da nake ba ku labari ta fara koyar da ilimin ƙasa a wata makarantar 'yan mata a Utaibiyya. Kowa ya sani, kowa ya kama bakinsa, kuma har yau ban ga aibun shirun nan ba. Tsoho ne da idanunsa suka riga suka rufe, abin da ya rage masa shi ne tabarmarsa, da tasbaharsa, da tsokanar Nafisa da yake kira amarya, da wannan gorar.

Wanda ya fasa ƙwan baƙo ne, kuma ba da mugunta ba. Wani Alhaji Garba ne, ɗan Yauri mai fataucin bandar kifi, ya zo Umarar azumi. Washegarin sallah na kawo shi gida ya ci abincin rana da mu, don Baba ya ce ba sai an jira Hajji ba tunda ga ɗan gida ya samu. Suka yi ta hira, wane ya mutu, wane gidansa ruwan dam ya ci. Baba ya yi farin ciki har yana tafa cinya. Da aka ɗauke kwanuka ya lalubo gorar daga ƙarƙashin matashinsa ya miƙa, ya yi bayani dalla-dalla har da hanyar da ruwan zai bi. Ina ta yi wa baƙon ido, shi kuwa idonsa na kan gora.

"Zubawa kam zan zuba, Baba," in ji shi yana dariya. "Amma Kwara ba ta zuwa Sudan. Ni nan na bi ta da kaya har Lakwaja inda ta haɗu da Binuwai, na bi ta har Anacha, na je har inda ta rarrabu ta shige teku. Kudu ta yi, ba ta waiwayi gabas ba."

Baba ya yi wa baƙon addu'a, ya sa na raka shi har titi. Da na dawo na tarar ya sa an kira Nafisa, tana durƙushe a gabansa.

"Amarya, ke anka kai makaranta. Gaskiya wanga mutum ya faɗi?"

Ta ɗago ta dube ni, idonta ya cika da ƙwalla. Da na girgiza kai da ta yi masa ƙarya, na sani, kuma da ya yarda da ita. Amma mutum ne da bai taɓa yi mini ƙarya ba ko ta wasa, ga shi ya yi tambaya kai tsaye. Na ce mata ta faɗa masa.

Ta faɗa masa a hankali, Hausa tana ƙare mata tana cikowa da Larabci. Ta ce Kwara daga duwatsun Gini take tasowa, kusa da teku ƙwarai, amma maimakon ta faɗa ciki sai ta juya masa baya ta nufi hamada. A can sama ana ce mata Joliba, Zabarmawa na ce mata Isa, Turawa suka ce Neja. Ta kai har wajen Tumbutu, ta yi gwiwa ta gangaro ta Yamai, ta Yauri, ta wuce kudu. Nilu kuma nasa daban: reshe ɗaya daga Habasha, ɗaya daga manyan tafkunan kudu, su haɗu a Hartum su miƙe arewa ta Masar. Don ta sanyaya masa rai ta ƙara da cewa ba shi kaɗai ba ne, manyan malaman da ma haka suka ɗauka, har suna kiran Kwara Nilun ƙasar baƙar fata.

"Su malaman sun aika ruwa?" in ji Baba.

Ta ce ba su aika ba.

"To nawa fa, na duk shekarun ga, ina ya tafi?"

"Teku, ya Sidi."

Daga ranar Baba ya canza. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba, cin abinci kawai ya rage har ya koma sai 'yar kurɓar koko. Hajjo ta yi masa tuwon shinkafa da miyar kifi, abin da a da yake lashe kwano, ya taɓa ya ture. Ya daina tsokanar Nafisa, ita kuma ta dinga kewaye ɗakinsa kamar wadda ta yi kisa. Likita ya duba ya ce babu wata cuta sai tsufa. Ni na san cutar, don wata rana ina gyara masa matashi na ji yana magana, ba da ni ba: "Na baro ta ita ɗai cikin ƙasar mutane, ko gaisuwa ba ta samu ba." Na ga a fili cewa in aka bar shi haka zai mutu, kuma zai mutu yana ganin ya yi watsi da matarsa.

Sai na yanke shawarar in je da kaina in kai wata gorar Zamzam har gindin gawon. Matsalar ita ce lokacin. Zulƙida ta kusa, kamfanin da nake wa tuƙi na tsara direbobin da za su yi dakon ruwa a Mina da Arfa, aikin da shi ne ƙashin bayan shekararmu. Na je wajen shugabanmu neman izinin fita. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mini ba: takardar fita zai sa mini hannu, amma mota ba za ta zauna tana jirana ba, in ya ba wani ya ba shi ke nan. Na dawo na gaya wa Hajjo.

"Baban Nafisa, ka bari a sauko daga Arfa mana," ta ce. "Kabari gudu zai yi?"

"Kabari ba zai gudu ba. Shi fa? Kin ga abin da ya ci yau?"

"In ka tafi ya cika ba ka nan fa? In ka dawo babu mota, yaran nan ruwan bahar ɗin za su ci?"

Ta yi gaskiya a duka biyun, shi ya sa na ji haushi na ɗaga murya, abin da ba halina ba ne da ita. Ta shige kicin ta bar ni tsaye. Da la'asar na tarar ta fito da jakata ta goge, ta naɗe gorar cikin tsohon rawanin Baba don kada ta fashe. Haka uwarku take, sai ta gama faɗin nata sannan ta fi ka ƙoƙari a naka.

Da na gaya wa Baba, ya daɗe yana shafa hannuna. Ya ce in na isa in nemi Dije, maƙwabciyarsu wadda ta yi wa Kulu wanka, in tana raye. Ya ce gawon yana hannun dama in ka ba masallaci baya.

Na hau jirgin ruwa daga Jidda zuwa Sawakin, hanyar da ya bi da ni a kafaɗa, na juya ta baya. Daga nan mota har Hartum. A can na tsaya a kan gada na ga inda rassan biyu suka haɗu, ɗaya fari-fari ɗaya duhu, suna tafiya gefe da gefe kamar ba su san juna ba kafin su gauraye. Ni da na yi rayuwata ina auna ruwa da tanki, ranar na ga ruwan da ba mai kashe famfonsa. Na bi mai duhun na yi kudu har Sinnar, na yi ta tambaya har na sami ƙauyen. Hausa suke yi tsaf, sai dai ta sha Larabci kamar tamu. Inna Dije tana raye, ta tsufa tukuf amma hankalinta garau. Da na ce ni ne ɗan Kulu, ta kama fuskata da hannu biyu ta ce goshin nan nata ne. Ban taɓa sanin ina da goshin kowa ba sai ranar.

Ta dafa kafaɗata muka ba masallaci baya muka yi dama. Muka yi ta tafiya har ƙasa ta ƙare a wata gaɓa mai tsayi, ruwa na gudu a ƙasa. Babu gawo, babu kabari ko ɗaya.

"Ga su can," in ji ta, ta nuna tsakiyar ruwa. "Bahar yana cin gaɓa kowace damina. Shekarar babbar cika ya kwashe tsohuwar maƙabarta duka, da gawon da komai. Uwata ma tana ciki. Tun kana saurayi aka yi wannan."

Na zauna a ƙasa na yi kuka, kuka na gaske, ina da furfura a gemu. Na ji haushin kogin, na ji haushin kaina da na bar aikina na zo gaishe da ruwa. Inna Dije ta bar ni sai da na gaji, sannan ta ce in tashi in yi abin da ya kawo ni. Na gangara, na tattare wando na shiga har gwiwa, na yi wa uwata addu'a, na juye gorar. Kafin in fito na cika ta da ruwan bahar, ban ma san dalili ba. Da rana jikokinta suka soya mini kifi, na tambayi sunansa, suka ce giwan ruwa.

Na dawo Makka alhazai sun cika gari, wayit ɗina kuma tana hannun wani. Ban sake tuƙa babbar mota ba. Na koma dakon jarkoki da 'yar ƙaramar mota a lungunan Mansur har na yi ritaya, kuma manyanku sun tuna shekarun da nama ya zama baƙo a gidan nan. Wannan shi ne abin da tafiyar ta ci, ban kuma taɓa cewa da na sani ba.

Baba na nan da rai, amma ya zama kamar kara. Tun a ƙofa Hajjo ta tare ni, da ta ji labari ta ce in rufa wa tsoho asiri in ce na sami kabarin na zuba. Na so in yi hakan, har na shirya kalmomin. Amma da na durƙusa a gabansa na sa masa gorar a hannu, ya buɗe ya shinshina, sai na ga fuskarsa ta saki.

"Wanga bahar na," ya ce. "Ka isa ke nan. Yaya ka iske ta?"

Mutumin da hancinsa ya gane kogi bayan shekaru masu yawa haka, ba ni zan ruɗe shi ba. Na faɗa masa komai, da gawon, da gaɓar, da shekarar babbar cika. Hajjo ta juya baya. Na fara tsoron na ƙarasa shi. Can ya ce a kira masa amarya, ta zo da taswirarta.

Nafisa ta shimfiɗa ta a cinyarsa. Ya miƙa mata ɗan yatsansa ya ce ta ɗora shi a ƙauyen, ta bi da shi inda ruwa ke zuwa. Ta ja yatsan zuwa Hartum, ta haura da shi Masar, ta tsaya a Bahar Rum. Ya ce to ta kai shi Yauri. Ta kai shi, ta gangaro da shi Lakwaja, ta shigar da shi babban teku.

"Tsakanin wanga teku da wancan, akwai katanga?"

"Babu, ya Sidi. Akwai wata 'yar ƙofa a wajen ƙasar Magrib, ta nan suke haɗuwa."

"Bi da ni."

Ta ja yatsan ta gefen yamma, ta kewaye ƙasashen nan duka, ta shigar da shi ta ƙofar, har ya dawo daidai inda ta tsaya da farko. Baba ya bar yatsansa a wurin. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, hawaye na bin ta.

"Kulu ke nan," ya ce. "Na ce muku ba ta iya zaman jira. Ta ga saƙo ya daɗe, ta taso ta tarbe shi a hanya."

Ya goge ido da rawanin da aka naɗe gorar, ya juya wajen da ya ji motsin Hajjo ya tambaya ko akwai sauran tuwo. Ranar ya cinye kwano, ya ce miyar ta yi ƙarancin yaji. Ya ƙara shekaru a cikinmu yana tsokanar kowa, ya ga auren Nafisa, ya riƙe ɗanta na fari, sannan Allah ya karɓe shi aka binne shi a nan Makka, cikin busasshiyar ƙasa.

Amma kafin alhazan shekarar nan su watse, ya sa na cika masa wata gorar na nemo ɗan Yauri. Nafisa, da yake malama ce ba ta iya barin kuskure ya wuce, ta ce masa cikin wasa, ai yanzu ya gani da yatsansa cewa hanyar ba yadda ya zata take ba.

"Na gani, amarya," in ji shi. "Ta fi tsawo ne kawai."